TUFFA TANA NUMFASHI: YADDA A KE AJIYE TA WATANNI BA TA LALACE BA



Yau za mu bar gero da gujiya su huta, mu yi zancen wani ɗan itace baƙo. Ba ya fitowa cikin gonakinmu, amma kullum kuna ganinsa jere bisa tebur a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Tuffa ke nan, wadda masu sayar da ita suka fi sani da sunan pom. Kada wani ya ce ina ruwan mai noman albasa da tuffa. Ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin ƙungiyoyinmu da yawa sun fara zancen gina ɗakin sanyi, kuma babu ɗan itacen da masana suka daɗe suna binciken ajiyarsa kamar wannan.

ABIN DA NA GANI A MANGAZAR WANI ALHAJI

Wata bazara, ana saura kwanaki a kama azumi, wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko aka kira ni. Ya sayi kwali 60 na tuffa, kowane kwali kimanin kilo 18, yana jiran kasuwa ta tashi. Ya yi hayar ɗakin sanyi ya zuba su, ya ƙara da buhunan albasa da na karoti da kwandunan mangwaro, tunda akwai sauran fili. Bayan mako 3 ya buɗe kwalayen. Wasu sun yamutse kamar fatar tsohuwa, wasu sun yi funfuna shuɗiya, waɗanda suka tsira kuwa suna warin albasa. Karoti ya yi ɗaci. Mangwaro ya yi tabo-tabo, ya ƙi nuna.

Ya dube ni ya ce: “Malam, ga sanyi, ga ƙofa rufe, ga kuɗin haya na biya. To me ya faru? Ko baki ne?”

Na ce masa: “Alhaji, ba baki ba ne. Ka haɗa maƙiya huɗu ɗaki guda ka rufe, kuma kowane cikinsu yana da rai.”

ƊAN ITACE BA YA MUTUWA RANAR DA AKA TSINKE SHI

Wannan shi ne tushen maganar duka, ku riƙe shi da kyau. Geron da ku ke zubawa rumbu ya bushe, ruwan da ke jikinsa bai wuce kashi 12 ko 13 bisa ɗari ba, shi ya sa ya ke shekara lafiya. Tuffa kuwa kimanin kashi 85 bisa ɗari na jikinta ruwa ne, kuma tana numfashi dare da rana. Tana shaƙar oksijen na cikin iska, tana ƙona sukarinta da tsaminta da shi, tana fitar da gaz karbonik da ruwa da zafi. Muddin tana bisa itace, uwar tana mayar mata da abin da ta ƙone. Ranar da aka tsinke ta, ta zama matafiyi da ɗan guzurinsa a rataye. In ta ci da sauri, guzuri ya ƙare kafin a kai gari. Aikin mai ajiya shi ne ya sa ta ci a hankali, ya kwantar da ita barci ba tare da ya kashe ta ba.

Wani masani Bafaranshe mai suna Jacques Bérard, a birnin Montpellier, ya nuna tun shekarar 1821 cewa ɗan itace yana shaƙar oksijen, kuma in an hana shi oksijen ba ya nuna. Sai bayan shekara ɗari, cikin shekarun 1920, wasu Turawan Ingila biyu a Kambirij, Franklin Kidd da Cyril West, suka auna numfashin tuffa suka ga yana tashi sama ƙwarai daidai lokacin da za ta nuna, daga nan sai tsufa.

Abin da ke tayar da wannan numfashi wata iska ce da ita tuffar ke fitarwa da kanta, ana ce mata etilen. Ba a ganinta da ido, amma duk wanda ya taɓa nuka mangwaro ko ayaba ya yi aiki da ita. In kun sa nunanne guda cikin ɗanyu kun rufe, duka sai su bi shi. Tuffa tana cikin ƴaƴan itacen da suka fi kowa fitar da etilen. Ita ce ta sa karotin Alhaji ɗaci, kuma ita ke sa ganyen shu da salati su yi rawaya.

AJIYA DAGA GARKA TA KE FARAWA

Itacen tuffa yana son hunturu mai tsanani. Iri da yawa sai sun sami sanyi ƙasa da digiri 7 na ɗaruruwan awoyi, wasu har awa 1000, kafin su yi fure sosai. Shi ya sa gidanta ya ke ƙasashen sanyi. Ƙasar Sin kaɗai tana noma wajen rabin tuffar duniya. A Faransa ana tsinka daga Agusta zuwa Oktoba, a wurare irin su Limousin da kwarin kogin Loire. A Afirka ta Kudu kuwa, wajen Ceres da Elgin, kakarsu tana kamawa daga Fabrairu zuwa Afrilu, domin lokacin sanyinsu da namu sun saɓa. Saboda haka in kun ga kwalin Faransa cikin watan Afrilu, ku sani tuffar ta yi kimanin wata 6 ko fiye a ajiye. Ta Afirka ta Kudu kuwa a wannan wata sabuwa ce.

Manoman can ba sa jira tuffar ajiya ta nuna lugub bisa itace. In ta nuna sarai, guzurinta ya yi nisa, ba za ta jure ba. In kuma an tsinke ta ɗanya shataf, ba za ta taɓa yin zaƙi da ƙamshi ba, ga saurin yaushi. Tsakanin nan ƴan kwanaki ne kawai. Ga yadda su ke gane su. Su kan yanka tuffa biyu a gicciye, su shafa mata ruwan aidin, irin wanda likita ke sa wa rauni. Inda akwai sitaci, wato irin garin nan na cikin rogo, sai wurin ya yi baƙi. Inda sitaci ya riga ya koma sukari, sai ya zauna fari. In baƙi ya rufe ta duka, da saura. In fari ne ko'ina, wannan ta kasuwar gobe ce, ba ta ajiya ba. A Faransa suna da hoto mai matakai 1 zuwa 10 da su ke gwadawa da shi. Suna kuma auna taurin naman da yawan sukarin ruwanta.

Wajen tsinka, da hannu a ke ɗaga ta a juya, ta fito da ɗan ƙarenta. Ba a fizga, ba a girgiza itace, ba a jefawa cikin kwando. Wadda ta faɗi ƙasa ba ta shiga ɗakin ajiya. Akwai kuma wata cuta da ke fitowa bayan an ajiye, ƙananan ramuka masu ɗaci ƙarƙashin fata. Ƙarancin kalsiyom ne ke kawo ta, ta fi kama manyan ƴaƴa na ƙananan itatuwa, kuma maganinta feshin kalsiyom sau da yawa tun ƴaƴan suna bisa itace. Ɗakin sanyi ba asibiti ba ne. Abin da ka sa masa shi zai ba ka, sai dai ya ragu.

SANYI: NAWA, KUMA YAUSHE

Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, numfashin ɗan itace yana ninkawa biyu ko uku. Masana sun lissafta cewa tuffar da ta yi kwana 1 cikin zafin digiri 21 bayan tsinka ta yi asarar kwana 7 zuwa 10 na ajiyarta. To ku tuna zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40. Don haka manoman can su ke ƙoƙari abin da aka tsinka da safe ya kwana cikin sanyi.

Yawancin irin da ke zuwa mana, Golden da Gala da Fuji da Granny Smith koriyar nan mai tsami, ana ajiye su tsakanin digiri 0 da 1. Amma ba duka ba. Akwai iri kamar Cox da Boskoop da McIntosh waɗanda sanyin nan ke yi wa lahani, cikinsu ya yi ja-ja alhali waje lafiya lau. Su sai digiri 3 zuwa 4. Kuma akwai iyaka daga ƙasa: wajen digiri 1 da rabi ƙarƙashin sifiri tuffa ke daskarewa. In ta daskare sosai ta narke, sai ta koma ruwa-ruwa. Wanda ya sa tuffa cikin firigo mai yin ƙanƙara ya kashe ta ke nan.

Da sanyi kaɗai, tuffa mai kyau tana kai wata 3 zuwa 6, gwargwadon irinta.

LAIMA: KADA SANYI YA SHANYE TA

Injin sanyi ɓarawon ruwa ne. Ƙanƙarar da ku ke gani tana taruwa jikin ƙarfensa, daga jikin kayanku ta fito. Tuffa in ta rasa wajen kashi 5 bisa ɗari na nauyinta sai fata ta yamutse, kuma Golden ta fi sauran saurin yin haka don fatarta ba ta da kauri. Asara biyu ke nan, ga kilo ya ragu, ga mai saye ya raina. Saboda haka laimar ɗakin tuffa ya kamata ta tsaya kashi 90 zuwa 95 bisa ɗari. A kan shimfiɗa leda mai huji-huji cikin kwali don ta riƙe danshi, amma ba a ɗaure ta kam, kada tuffar ta shaƙe.

Wasunku suna tsoron ƙyallin nan na jikin fatarta. Tuffa tana da kakinta na halitta wanda ke tsare mata ruwa. Wasu masu shirya ta cikin kwali su kan ƙara wani kaki da aka yarda a ci, irin wanda a ke samu daga ganyen wata giginya ta ƙasar Brazil. A wanke kafin a ci, amma kada a wanke kafin a ajiye.

ƊAKIN DA AKA RAGE WA ISKA

To yaya a ke yi tuffa ta kai wata 9, wani lokaci har shekara? Nan ne aikin Kidd da West ya yi amfani. Iskar da mu ke shaƙa tana da oksijen kashi 21 bisa ɗari, azot kashi 78, gaz karbonik kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Suka ga in an rage oksijen, an ɗan ƙara gaz karbonik, numfashin tuffa sai ya kwanta, etilen ma ya rasa ƙarfi. A shekarar 1929 aka gina ɗakin kasuwanci na farko irin wannan a yankin Kent na Ingila. Daga baya Robert Smock na jami'ar Cornell ya yaɗa dabarar a Amurka.

Ɗakin a liƙe ya ke ruf, ko iska ba ta ratsawa. A cika shi, a rufe, a tura azot ya kori oksijen har ya sauka zuwa kashi 1 zuwa 3 bisa ɗari. Wani inji yana tsotse gaz karbonik in ya yi yawa, don in ya wuce kima yana ɓata cikin tuffa, musamman Fuji. In kuma oksijen ya yi ƙasa da abin da za ta iya ɗauka, sai ta fara tsima, ta yi ɗanɗanon giya. Kun ga aikin awo ne kullum, ba na ƙiyasi ba.

Ku ji wannan gargaɗi, ko da wani ɗanmu zai je aiki irin waɗannan wurare. Iskar da ke sa tuffa barci tana kashe mutum. Shaƙa kaɗan sai ya faɗi sumamme bai ji komi ba. A shekarar 2013, a kudancin Ingila, samari biyu ma'aikatan gona sun mutu don sun shiga irin ɗakin nan suna riƙe numfashi za su ɗauko tuffa. Ba a shiga sai an buɗe iska ta koma daidai, an auna.

Akwai kuma wani magani mai suna 1-MCP, wanda masana biyu na Amurka, Edward Sisler da Sylvia Blankenship, suka gano. A shekarar 2002 aka yarda a yi aiki da shi ga tuffa a Amurka. Iska ce kaɗan da a ke saki cikin ɗaki na kwana guda bayan tsinka. Tana toshe wurin da etilen ke kamawa jikin tuffa, kamar a sa wa ƙofa wani mabuɗi ya maƙale, na ainihi ya rasa wurin shiga. Tuffar sai ta daɗe da taurinta ko bayan ta fito daga sanyi.

TAURI DABAM, DAƊI DABAM

Wani zai ce: na sayi tuffa mai kyaun gani, tana ƙaras-ƙaras a baki, amma salam, ba ƙamshi. Gaskiyarka. Ƙamshin tuffa yana fitowa ne tare da nuna. Duk abin da ya hana ta nuna, ƙarancin oksijen ne ko 1-MCP, yana rage mata ƙamshi. Wadda aka tsinka da wuri kuma aka daɗe da rufewa ita ta fi rasa shi. In ta sha iska ƴan kwanaki wani abu ya kan dawo, amma ba duka ba. Tsaminta ma, wanda shi ke tayar da zaƙin, yana raguwa wata bayan wata domin shi ma abincin numfashi ne. Shi ya sa iri mai tsami sosai ya fi riƙe ɗanɗano cikin doguwar ajiya. Wadda ta tsufa gaba ɗaya kuwa, in ka ciza sai ta wargaje gari-gari ba ruwa.

Tuffa kuma tana ɗaukar warin maƙwabcinta. Albasa, tafarnuwa, kifi, dankalin turawa, kananzir, duk tana sha. Da zarar ta sha, babu wanki da zai fitar.

WAKE ƊAYA KE ƁATA GARI

Funfunar nan shuɗiya da na gani a kwalayen Alhaji ta rauni ta ke shiga: farcen mai tsinka, ƙusar akwati, ƙaren wata tuffa da ya soki ƴar'uwarta. Sanyi yana rage mata gudu amma ba ya kashe ta. Akwai wata kuma toka-toka mai tsallakawa daga wannan zuwa waccan har ta ci kwali. Shuɗiyar tana barin wata guba mai suna patulin, wadda dafuwa ba ta cika kashewa. Kada a tara ruɓaɓɓu a matse ruwansu a sayar. Kada a karya kuɗinsu a ba yara. A zubar da su nesa da mangaza.

SHAWARA GA MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Tashar jirgin ruwa mafi kusa da Yamai, wato Kwatano, tana nesa da fiye da kilomita 1000, sauran sun fi haka. Tuffar da ta iso hannunku ta riga ta ci yawancin guzurinta. Ku ba masu doguwar ajiya ba ne, ku masu riƙon ƙarshe ne. Ga abin da ya kamata:

1. Ku karanta kwali: ƙasa, da iri, da ranar shiryawa in an rubuta. Ku buɗe na tsakiyar kaya, ku yanka guda, ku duba cikinta, ku ɗanɗana kafin ku biya.

2. Ku sayi abin da za ku iya sayarwa cikin ƴan makonni. Jiran tsada da tsohuwar tuffa caca ce.

3. Daga mota sai ɗakin sanyi. Kada kwali ya yini a rana bakin tasha.

4. Ku ɗora kwalaye bisa katako, ku bar tazara tsakaninsu da bango, iska ta zagaya.

5. Ku sa ma'aunin zafi tsakiyar kaya, ba bakin ƙofa ba. Ku rubuta safe da yamma.

6. In kuran ya ɗauke, ku bar ƙofa rufe. Kafin ku yi haya, ku tambaya ko akwai injin ko-ta-kwana ko faifan hasken rana.

7. Ku fitar da na yini guda kawai. Tuffa mai sanyi in ta haɗu da iskar waje tana yin zufa, zufa kuwa ruwan sha ce ga funfuna. Fitarwa da mayarwa kullum yana gajiyar da ita.

8. Kowane mako ku tsince, ku fitar da mai tabo. Bisa tebur kuma a yi mata inuwa.

Uwargida mai firigo ta sa tata cikin leda mai huji a aljihun ƙasa, nesa da salati da karoti, za ta yi makonni. Wadda ba ta da shi ta yi randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa cikin shekarun 1990. Lokacin rani tana rage zafi sosai, amma ba ta kai sanyin firigo, don haka ƙarin kwanaki ne kawai.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA DON KAYAN GARKARMU

Ku shugabannin ƙungiyoyi masu shirin gina ɗakin sanyi, tambayar farko ita ce: me za a sa ciki? Sanyin da ke raya tuffa yana kashe mangwaro da ayaba da dankalin Hausa da ɗanyen tumatir. Waɗannan ƴan ƙasar zafi ne, ba sa son ƙasa da digiri 12 ko 13. Abin da ya sami mangwaron Alhaji ke nan. Albasarmu ta Galmi in ta bushe da kyau tana jure digiri 0, amma laimar tuffa tana sa ta saiwa da ruɓa, ita kashi 65 zuwa 70 ta ke so. Karoti da shu suna son sanyi da laima irin na tuffa, amma ba sa shiri da etilen ɗinta. Ƙananan ɗakuna biyu sun fi babba guda da za a cusa komi.

Shi Alhaji, mun zauna mun tsince kwalayensa har la'asar. Abin da ya tsira ya sayar cikin kwana 3, bai mayar da uwar kuɗinsa duka ba. Da shekara ta zagayo ya sayi kwali 20 kawai, ya ware musu wuri su kaɗai, ya rataye ma'aunin zafi da ɗan littafi, ya sa yaronsa yana rubutawa. Da na ratsa ta kasuwa ya yanka guda ya miƙo mini, ya ce in ji ko akwai albasa. Babu.

Mai tambaya ya kai ta ga malamin gona na karkararsa, ko ya aiko mana ta hannun ƙungiyar masu sauraro, za mu amsa cikin shiri.